DARASIN KIWON LAFIYA: MURAR DA BA TA ƘAREWA

Kafin ku shiga wannan darasi sai ku karanta Farawa 2:7, da Zabura 139:13-16, da I Korinthiyawa 6:19-20.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, kowace shekara idan an gama girbi, iskar hunturu ta taso, mai wa'azi ya kan ji wata irin amsa daga cikin jama'a wadda ba Amin ba ce. Wannan ya yi atishawa, wancan ya ja majina, wata can baya tana murza idanu. Mu kan ce mura ce, za ta wuce. Ga mutane da yawa kuwa ta kan wuce cikin mako ɗaya. Amma akwai waɗansu a cikinmu waɗanda murarsu ba ta wucewa. Su kan yi wata uku ko huɗu hanci a toshe, goshi da kumatu suna yi musu nauyi, ba su barci sosai, ba su jin ƙanshin abinci. Ɗan makaranta ya yi ta gyangyaɗi a aji, a ce raggo ne. Mawaƙiya ta bar ƙungiyar mawaƙa domin muryarta ta dushe. Magidanci ya ƙarar da kuɗin hatsinsa wajen sayen ƙwayoyi iri iri, ba sauƙi. Daga nan sai wani ya raɗa masa cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, akwai hannu a ciki. Ta haka ƙaramin ciwo na hanci ya kan zama abin tuntuɓe ga bangaskiya, ya kuma ɓata zumunci tsakanin maƙwabta. Saboda haka ya kamata mu san wannan ciwo, mu san inda ya ke fitowa, da abin da za a yi masa.

1. YADDA ALLAH YA GINA HANCI

Littafin Farawa ya koya mana cewa ta ƙofar hanci ne Allah ya ba mutum na fari numfashinsa. Ba ƙaramar gaɓa ba ce. Babban mutum ya kan yi numfashi wajen sau 20,000 a kwana ɗaya, iskar da ya ke shaƙa kuwa ta kai lita 10,000. Dukan wannan iska hanci ne ke ɗumama ta, ya jiƙa ta, ya tace ta, kafin ta isa huhu.

A cikin ƙasusuwan fuska akwai waɗansu ɗakuna waɗanda babu kome a cikinsu sai iska. Likitoci suna ce da su sainus. Iri huɗu ne, kowane iri dama da hagu: akwai na cikin kumatu, su ne manya, akwai na goshi, a bisa gira, akwai ƙanana da yawa tsakanin idanu, akwai kuma na can ciki, bayan hanci. Kowane ɗaki yana da 'yar ƙofa ƙanƙanuwa wadda ta buɗe zuwa cikin hanci. An shafe bangon ɗakunan nan da wata fata mai laushi mai fid da majina, kusan lita ɗaya kowace rana, ko da mutum yana lafiya lau. A bisa fatar akwai waɗansu gasu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna kaɗawa dare da rana kamar tsintsiya, suna tura majina da ƙurar da ta kama zuwa ƙofa, daga nan zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu sani ba.

Ku lura da abu ɗaya. Ƙofar ɗakin kumatu tana can sama ne kusa da rufi, kamar bakin tulu. Ruwan da ke cikin tulu ba ya fita da kansa sai an kwarfe shi. Haka nan majinar ɗakin kumatu, sai gasun nan sun hau da ita. Idan fatar hanci ta kumbura ta rufe 'yar ƙofar, majina ta kan taru a ciki, iska ba ta shiga. Shi ne mutum ya ke jin nauyi a fuska, musamman in ya sunkuya. In abin ya daɗe, ƙwayoyin cuta su kan sami wurin zama, kamar yadda sauro ke samun kwantaccen ruwa.

2. ABIN DA AKE KIRA ALAJI

Allah ya sa waɗansu matsara cikin jininmu, aikinsu su yaƙi ƙwayoyin cuta. Amma a jikin waɗansu mutane matsaran nan suna da saurin fushi. Su kan ga abin da ba shi da lahani, kamar bununin gero ko gashin kyanwa, su ɗauka abokin gāba ne, su tasam masa da yaƙi. Kamar kare ne mai tsaron gida wanda ba ya bambanta ɓarawo da baƙo. Cikin wannan yaƙi jiki ya kan saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ne ke kawo ƙaiƙayi, da atishawa, da zubar ruwa, da kumburin fatar hanci. Wannan hali shi ake kira alaji. Idan ya fito a fata mu kan ce borin jini. Idan ya sauka a ƙirji ya kan zama asma, watau fuka. Idan kuwa a hanci ne, shi ne murar da mu ke magana a kanta.

Ba sabon ciwo ba ne. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce wani babban likita na ƙasar Farisa, Abubakar Al-Razi, ya yi rubutu a kan wani malami wanda mura ke kama shi kowace shekara lokacin da furen wardi ke buɗewa. A shekara ta 1873 wani likita na birnin Manchesta a Ingila, Charles Blackley, wanda shi kansa yana da ciwon, ya nuna cewa garin furen ciyawa ne ke tā da shi. Ya gwada a hancinsa da fatarsa, har ya riƙa aika gilasai masu danƙo sama cikin iska domin ya ƙidaya garin da suka kama. Sunan nan alaji kuwa wani likitan yara na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ya ƙaga shi a 1906. A 1964 masu bincike a ƙasar Holan suka gane cewa cikin ƙurar ɗaki akwai wani ɗan ƙwaro wanda shi ne babban mai laifi. Na kawo wannan tarihi domin ku sani an bi sawun ciwon nan har an ga tushensa. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba kuwa iska ba.

Alaji ya kan bi jini. In uba ko uwa suna da shi, ko suna da asma, ya fi sauƙi 'ya'ya su samu. Amma ba a ɗaukarsa wurin wani. Kada a ware wa mai shi ƙwarya ko moɗa, kada kuma a guje shi a wurin sujada.

3. YADDA ZA A BAMBANTA SHI

Abu uku ne mutane ke haɗawa su kira su mura, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Na fari, mura ta kullum. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ɗaukarta wurin wani. Ta kan zo da ciwon maƙogwaro, da kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Cikin kwana 7 zuwa 10 ta kan tafi da kanta.

Na biyu, murar alaji. Alamunta su ne atishawa a jere, sau biyar ko goma, musamman da sassafe. Majina fara kamar ruwa. Ƙaiƙayi a hanci, da idanu, da ganɗa, har cikin kunne. Idanu su yi ja suna hawaye. Ba ta kawo zazzaɓi. Ta kan daɗe makonni, ta kan kuma komo a lokaci ɗaya kowace shekara, ko kuwa duk sa'ad da mutum ya yi wani aiki, kamar shara ko sussuka.

Na uku, ruɓar ɗakunan fuska, watau sa'ad da ƙwayoyin bakteriya suka shiga ɗakin da ya toshe. Likita ya kan yi zaton wannan idan ciwon ya wuce kwana 10 ba sauƙi. Ko akwai zazzaɓi mai zafi tare da majina mai kauri da ciwon fuska kwana uku ko huɗu a jere. Ko kuwa mutum ya fara samun sauƙi sa'an nan abin ya komo da ƙarfi fiye da dā. Ku sani majina ta zama ruwan ɗorawa ko kore ba ita kaɗai ce shaida ba, gama mura ta kullum ma ta kan yi haka.

4. ABUBUWAN DA KE TĀ DA ITA A ƘASARMU

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo. Kowa sai ya lura da nasa jiki, gama abin da ke damun wannan ba lalle ya dami wancan ba.

Ƙurar hunturu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska ta kan taso daga arewa maso gabas. Mafi yawan hazon da mu ke gani yana fitowa ne daga wani kwari mai suna Bodele a ƙasar Cadi, inda a zamanin dā ruwan Tafkin Cadi ya ke kwance. Ƙasar wurin fara ce, mai laushi kamar gari. Ita wannan ƙura ba ita ce ainihin alaji ba, amma tana busar da hanci, tana ƙuje fatarsa, tana kuma ɗauke da garin ciyawa da na funfuna. Hancin da ya riga ya kumbura ba ya iya jimre ta.

Aikin gona. Bununin gero da dawa da masara, da garin furen ciyawa wajen ƙarshen damina. Ƙaiƙayi lokacin sussuka da sheƙa. Ƙurar harawa da ta gyaɗa. Funfuna cikin rumbun da ya sha laima.

Cikin ɗaki. Ƙwaron ƙura da na ambata bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsa. Yana zama cikin katifa, da matashin kai, da bargo, da darduma, yana cin ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu, kashinsa ne kuwa ke tā da ciwon. Yana son laima, shi ya sa ya fi yawa da damina da kuma ƙasashen kudu. Mutumin da ke atishawa da zarar ya tashi barci, rani da damina, sai ya tuhumi shimfiɗarsa. Haka kuma kyankyaso, da ɓera, da kyanwa, da kaji ko tattabaru in suna kwana kusa da mutane.

Hayaƙi da ƙamshi. Hayaƙin itace a madafa, da na taba, da na janareta, da na ƙunar daji, da maganin sauro na kunnawa, da turaren wuta, da turare mai ƙarfi. Waɗannan duka suna ƙara hura wutar.

Ga shawara. Nemi ɗan littafi, ka riƙa rubuta ranar da abin ya tashi, da inda ka ke, da aikin da ka yi. Bayan wata ɗaya ka duba, sau da yawa za ka ga ɓarawonka da kanka.

5. MAGANI NA FARI: GUJE WA ABIN

Rigakafi ya fi magani. A yayyafa ruwa kafin a yi shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon a kakkaɓe. Mai ciwon kada ya zama shi ne mai shara, in kuwa ba yadda za a yi, ya rufe hanci. A wanke zanen gado da rigar matashi kowane mako da ruwan zafi, a fid da katifa da bargo a shanya cikin rana mai ƙarfi. A rufe abinci, a toshe ramuka, domin a rage kyankyaso da ɓera. Dabbobi su kwana a nasu wuri. A yi girki inda iska ke wucewa. A kwana cikin gidan sauro maimakon kunna magani.

Ranar da hazo ya sauka, ko ranar sussuka, a sa takunkumi irin wanda muka saba da shi a shekara ta 2020. Buzaye da ke zaune cikin hamada sun daɗe da sanin amfanin amawali. A shafa ɗan man kaɗanya ko basilin a bakin ƙofar hanci kaɗai, kada a cusa ciki. In an komo daga gona a wanke fuska, a sāke riga. A sha ruwa da yawa.

Ekklesiya ma tana da nata aiki. Matan zumunta da matasa masu share ɗakin sujada su yi sharar tun ran Asabar, da ruwa, domin ƙura ta kwanta kafin Lahadi. A goge benci, a buɗe tagogi, a wanke labule, a kori jemagu daga cikin rufi. Wannan ma hidima ce ga jikin Kristi.

6. MAGANI NA BIYU: RUWAN GISHIRI

Wannan magani ba shi da tsada, likitoci kuwa sun yarda da shi. Yana wanke ƙura da majina, yana taimakon gasun nan su koma aikinsu. Ga yadda ake yi.

A tafasa ruwa rabin lita, watau yawan ruwan leda ɗaya, ya yi minti 5 yana tafasa. A zuba gishiri mai tsabta cokalin shayi ɗaya a shafe, kada a tula. In akwai sodar da ake yin burodi da ita a ƙara rabin cokali, tana rage zafi. Kada a sa kanwa. A bar shi ya huce har ya zama kamar ɗumin jiki. A wanke hannu da sabulu. Sa'an nan a sunkuya bisa kwano, a karkata kai gefe ɗaya, a buɗe baki, a tura ruwan a hankali ta ƙofar hanci ta sama da sabon sirinji marar allura, ko da kwalbar da aka yi domin wannan aiki, har ya fito ta ɗaya ƙofar. A juya a yi wa ɗayar. A fyace a hankali. Wanda ba shi da sirinji ya iya zuba ruwan a tafin hannu ya shaƙa kaɗan kaɗan. A yi sau ɗaya ko biyu a rana. A haɗa sabon ruwa kowace rana, a wanke sirinjin a bar shi ya bushe.

Ga gargaɗi mai nauyi. Kada ko kusa a sa ɗanyen ruwa a hanci, ko na rijiya, ko na rafi, ko na tafki, ko na famfo, sai an tafasa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama cikin ruwa mai ɗumi, in an sha ba ta yin kome, amma in ta shiga ta hanci ta kan iya kai ƙwaƙwalwa ta yi kisa. Ba ta da yawa, amma wanda ta kama da wuya ya tashi.

Sirace da ruwan zafi ya kan sa mutum ya ji daɗi na ɗan lokaci, tsumma mai ɗumi a bisa fuska ma haka, amma ba su warkad da alaji. Kada a yi wa yara sirace, gama da yawa sun ƙone ta wannan hanya.

7. MAGANI NA UKU: NA ASIBITI

Akwai ƙwayoyi masu tare aikin histamin. Tsohuwar cikinsu, wadda aka sani da sunan Piriton, tana aiki, amma tana sa barci. Direba, da mai babur, da mai injin niƙa, su yi hankali da ita ƙwarai. Sababbi, kamar loratadin da setirizin, sau ɗaya ake sha a rana, ba su cika sa barci ba. Suna maganin atishawa da ƙaiƙayi da zubar ruwa, amma ƙarfinsu kaɗan ne a kan toshewa.

Maganin da ya fi duka a kan toshewar hanci shi ne feshin hanci mai rage kumburi, kamar beklometason, da fulutikason, da mometason. Amma yana bukatar haƙuri. Ba ya buɗe hanci nan take, sai an yi kwanaki, cikakken amfaninsa kuwa sai wajen mako biyu, ana fesawa kowace rana. Mutane da yawa su kan gwada kwana biyu su ce ba ya aiki, su yar. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya san lokacin da ciwonsa ke tashi sai ya fara mako biyu kafin lokacin. A fara wanke hanci da ruwan gishiri, a sunkuyad da kai kaɗan, a riƙe kwalbar da hannun dama a fesa wa hancin hagu, da hannun hagu kuma a fesa wa na dama, domin bakin kwalbar ya dubi wajen kunne, kada ya dubi shingen da ke tsakiyar hanci, gama fesa wa shingen ya kan kawo haɓo. Kada a ja da ƙarfi har ya zubo maƙogwaro.

Domin ciwon kai da na fuska farasitamol ya isa. Mai asma ya yi hankali da asfirin, kada kuma a ba yara. Mace mai ciki, da mai shayarwa, da ƙananan yara, da mai hawan jini, su tambayi likita ko ma'aikacin lafiya kafin su sha kome, gama waɗansu ƙwayoyin mura da ake haɗawa suna tā da jini. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kowane magani.

Wanda duk wannan bai yi masa ba, akwai likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Jos, akwai kuma cibiyar ƙasa ta ciwon kunne a Kaduna. Su kan leƙa cikin hanci da na'ura, su ga ko wani tsiro ne ya tare hanya, ko shingen hanci ya karkace. A waɗansu wurare a kan gwada fata domin a gane abin da jiki ke ƙi. Akwai ma wata hanya da aka fara a birnin Landan a 1911, a riƙa ba mutum abin da jikinsa ke ƙi kaɗan kaɗan har shekara 3 zuwa 5, domin jiki ya saba. Wannan aikin gwanaye ne, ba a gwada shi a gida.

8. RAMUKA HUƊU DA MUTANE KE FAƊAWA

Na fari ni da kaina na faɗa cikinsa. Wata shekara hunturu ya yi tsanani, ga taron Kirsimati ya matso, ni kuwa ba na iya fid da magana. Na shiga wani kantin magani, yaron kantin ya miƙo mini 'yar kwalba ta ɗigawa a hanci. Na ɗiga, kafin in kai gida hancina ya buɗe sarai. Na yi murna. Amma bayan mako biyu sai na ga in ban ɗiga ba, toshewar ta fi ta dā. Daga sau biyu a rana na koma sau shida. Kwalba ɗaya a aljihu, ɗaya a ƙarƙashin matashi, ɗaya a bayan bagadi. Na yi wata huɗu a haka, ina wa'azi a kan 'yanci ina kuwa bawan 'yar kwalba. Da na je wurin likita ya ce mini, "Fasto, ciwon da ka zo da shi yanzu ba hunturu ne ya ba ka ba, kwalbar nan ce." Ya sa ni na bar ta, ya ba ni feshi da ruwan gishiri. Na sha wuya kwana goma, sa'an nan na sami kaina. Irin wannan magani, mai oksimetazolin ko zailometazolin, yana da amfani, amma kada a wuce kwana 3 ana sa shi. In an wuce, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na biyu, shan kafso, watau maganin kashe bakteriya, duk sa'ad da hanci ya toshe. Ba ya taɓa alaji ko kaɗan, ba ya kuwa taɓa mura ta kullum. Kuɗi ne a banza, sa'an nan yana koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, har ranar da za a bukace shi da gaske ya kāsa aiki. Likita ne zai faɗi lokacinsa, in ya rubuta kuwa a sha yadda ya ce.

Na uku, ƙwayoyin deksametason da faradinisolon, da allurarsu. Suna kawo sauƙi da sauri, shi ya sa mutane ke son su. Amma wanda ya daɗe yana sha ba da izinin likita ba, su kan kumbura masa fuska, su kawo ciwon sukari da hawan jini, su raunana ƙashi da ido. Wanda ya riga ya daɗe a kansu kada ya bari farat ɗaya, sai ya je asibiti a rage masa a hankali.

Na huɗu, shaƙar garin taba, da ɗura ruwan tafarnuwa ko na ganye cikin hanci, da shan maganin tari mai kodin. Na farkon suna ƙona fatar hanci. Kodin kuwa ya hallaka matasanmu da yawa, har gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018.

9. LOKACIN DA BA A JIRA

Ɗakunan fuska suna maƙwabtaka da ido da ƙwaƙwalwa. A kai mutum asibiti a ranar, ko da dare ne, idan fatar ido ta kumbura ta yi ja. Ko yana ganin abu biyu biyu, ko ganinsa ya ragu. Ko goshi ya kumbura. Ko akwai ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi, da sandarewar wuya, da amai, ko ruɗewa. Ko numfashi yana yi masa wuya. Ku tuna lokacin ƙura da zafi shi ne lokacin sanƙarau. A shekara ta 1996 sanƙarau ya kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a arewa. Kada a zauna ana cewa mura ce.

A je a ga likita kuma, ko da ba gaggawa, idan toshewar ta kai mako 12. Ko ƙofa ɗaya kaɗai ke toshewa tana fid da jini. Ko mutum yana tari da dare ƙirjinsa yana kuka, gama alaji da asma 'yan ɗaki ɗaya ne. Yaron da ƙofar hancinsa ɗaya ke fid da majina mai wari, sau da yawa ƙwayar wake ce ko dutsen ado ya cusa. Kada a yi ƙoƙarin zaƙulowa a gida.

10. MAI BI DA CIWO MAI DAƊEWA

Wata dattijuwa ta taɓa tare ni bayan sujada ta ce, "Fasto, an yi mini addu'a sau uku, hancin nan bai buɗe ba. Ko akwai zunubin da ban tuba ba?" Na ce mata, "Mama, zauna mu duba Littafi." Muka karanta Yohanna 9:1-3, inda almajirai suka nemi wanda za su ɗora wa laifin makantar wani mutum, Ubangiji kuwa ya ƙi ɗora wa kowa. Muka karanta II Korinthiyawa 12:7-10, inda Manzo Bulus ya roƙa sau uku a kawar masa da abin da ke sukar jikinsa, ba a kawar ba, aka ba shi alherin jimrewa. Sa'an nan na tambaye ta inda ta ke kwana. Ashe kajinta a ɗakinta su ke kwana domin tsoron muzuru. Matasa suka gina mata akurki, jikarta ta koyi haɗa ruwan gishiri. Ba ta warke sarai ba, amma tana barci, ta kuma koma cikin mawaƙa.

Littafi Mai Tsarki bai sa gāba tsakanin addu'a da magani ba. Allah ya yi wa Sarki Hezekiya alkawarin warkewa, duk da haka Annabi Ishaya ya sa aka ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21). Bulus ya ba Timothawus shawara domin ciwon cikinsa (I Timothawus 5:23), abokin tafiyarsa Luka kuwa likita ne (Kolossiyawa 4:14). Laifin Sarki Asa ba zuwa wurin masu magani ba ne, laifinsa shi ne bai nemi Ubangiji ba (II Tarihi 16:12). Saboda haka sai mu kira dattawan ekklesiya su yi addu'a yadda Yaƙub 5:14 ya umurta, mu kuma tafasa ruwanmu, mu shanya katifarmu, mu bi maganar likita. Wanda ya ce maka ka zubad da magani domin ka nuna bangaskiya, ko wanda ya ce maƙwabcinka ne ya jefe ka, kada ka saurare shi. Ka tuna da macen nan ta cikin Markus 5:25-34 wadda ta ƙarar da dukan abin da ta ke da shi, kada ka bar masu cin riba da wahalar mutane su tsiyata gidanka.

Alaji ba ya cika rabuwa da mutum ɗungum, amma ana iya riƙe shi har mutum ya yi aikinsa, ya yi barcinsa, ya raira waƙarsa. Jikin nan ba namu ba ne, amana ce. Mu kuwa masu lafiya, kada mu yi wa mai atishawa ba'a, kada mu ce da yaron da bai yi barci ba raggo. Mu ɗauki tsintsiya a madadinsa.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Me ya sa fuska ke yin nauyi idan fatar hanci ta kumbura?
2. Faɗi alamu uku da ke bambanta murar alaji da mura ta kullum.
3. Yaya ake haɗa ruwan gishiri? Don me ba a sa ɗanyen ruwa?
4. Kwana nawa ne iyakar sa maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take?
5. Waɗanne alamu ne za su sa a kai mutum asibiti a ranar?
6. Me za ka faɗa wa ɗan'uwan da ke zaton ciwonsa sammu ne, ko hukuncin zunubi?
7. Wane abu ɗaya ekklesiyarku za ta gyara a ɗakin sujada kafin hunturu mai zuwa?

Aya ta haddacewa: Zabura 150:6.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ne ka ba mu numfashi, kai ne kuwa ka ke riƙe da shi. Muna gode maka domin hikimar da ka gina jikinmu da ita, da sanin da ka ba likitoci. Ka dubi 'yan'uwanmu waɗanda ba su samun barci saboda ciwo, ka ba su sauƙi da haƙuri. Ka tsare mu daga tsoro da zargin juna. Ka sa mu yi amfani da kowane numfashi domin yabonka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.